Daga Zane Zuwa Allo: Hanyar Aika Tsarin Da'irar Lantarki Ga Ƙaramin Injin Sassaƙa a Samaru da Sabon Garin Zariya

Tsakure

Wannan takarda ta bi sawun matakan da zanen da'irar lantarki yake bi, tun daga kwamfutar mai zane har ya zama allon jan ƙarfe a ƙarƙashin bakin ƙaramin injin sassaƙa na CNC, irin wanda ake ɗorawa a kan tebur. An zaɓi Samaru da Sabon Gari a matsayin farfajiyar nazari saboda a nan ne ilimin zane da gwanintar hannu suke zaune kusa da juna ba tare da sun haɗu sosai ba. Takardar ta nuna cewa sayen inji shi ne mafi sauƙi a cikin lamarin. Abin da ke raba allo mai kyau da wanda ya lalace shi ne yadda aka juya fayil, yadda aka kafa mafari, da yadda aka auna tudu da kwarin allon kafin a fara yanka. An kawo lissafin zurfin yanka, an dubi tasirin yankewar wuta da ƙurar hunturu da danshin damina, sannan aka ba da shawarar kafa ɗakin aiki na haɗin gwiwa tsakanin ɗalibai da masu gyara.

1.0 Gabatarwa

Rediyo, wayar salula, inbata, fitilar sola da cajar batir duk suna da abu ɗaya a cikinsu: allo mai ɗauke da siraran layukan jan ƙarfe da ke haɗa resista da kafasita da transista, wanda masu gyara suke kira fanel. Injiniya Paul Eisler, ɗan ƙasar Ostiriya, shi ne ya fara amfani da irin wannan allo a cikin rediyo a Ingila a shekarar 1936, kuma daga baya ya zama ginshiƙin kusan duk wata na'urar lantarki.

A Zariya akwai masu iya zana allon, akwai kuma masu iya liƙa masa kaya da dalma da gano ciwonsa idan ya mutu. Wanda ya yi ƙaranci shi ne mai ƙera shi. Ɗalibin da ya tsara na'urar ba da ruwa ga shuka, ko mai gyaran da ya ga cewa fanel ɗin wata caja yana da aibi a tsarinsa kuma ya san maganin aibin, duk a wuri ɗaya suke tsayawa: ta yaya zanen zai zama abin riƙewa a hannu? Manufar wannan takarda ita ce ta fayyace amsa ɗaya daga cikin amsoshin da ake da su, wato sassaƙa allo da ƙaramin injin CNC, ta kuma nuna inda ƙafa ke zamewa a hanyar. Hanyar da aka bi ita ce bayanin matakai ɗaya bayan ɗaya, tare da lissafi a inda lissafi zai raba gardama.

2.0 Farfajiyar Nazari

Samaru ta daɗe da zama mazaunin bincike. Tashar binciken noma da ta zama Cibiyar Binciken Aikin Gona ta fara ne a 1922, sannan Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe a watan Oktoban 1962, inda ta gaji harabar da koyarwar injiniya ta tsohuwar Kwalejin Fasaha da Kimiyya da Ƙere-ƙere ta Najeriya. A yau Tsangayar Injiniya tana yaye ɗalibai a fannonin lantarki, kwamfuta da sadarwa, kuma kowane ɗayansu sai ya gabatar da aikin kammala karatu. Ga kuma Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama da aka kafa a 1964, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli, waɗanda su ma suke koyar da lantarki.

Sabon Gari kuwa jirgin ƙasa ne ya haife shi, bayan layin dogo ya ratsa Zariya ya isa Kano a 1911. Ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu daga sassan ƙasar nan suka zauna a wurin, ya zama cibiyar saye da sayarwa da gyare-gyare. Har gobe ɗalibin Samaru idan yana neman kayan haɗi, ko wanda zai cire masa ƙaramin aisi (IC) daga matacciyar na'ura ba tare da ya ƙone ba, titin Sakkwato yake biyowa ya wuce Kwangila ya shigo Sabon Gari. Ƙaramar hukuma ɗaya ce ta haɗa wuraren biyu, amma iliminsu bai cika zama a tebur ɗaya ba.

3.0 Hanyoyin Samun Allo

Hanyoyi huɗu ne a gaban mai son allo a Zariya.

Ta farko ita ce allon Vero mai ramuka a jere, tazarar milimita 2.54 tsakanin rami da rami. Yana da araha, ana samunsa a kasuwa, amma wayoyin tsallake suna yi masa yawa, kuma ƙananan kayan zamani da ake liƙawa a saman allo ba sa zama a kansa.

Ta biyu ita ce cinye jan ƙarfe da sinadari. A buga zane da firinta mai garin tawada, a manna shi a allo da dutsen guga, a tsoma a ruwan ferik kulorayid ya cinye duk inda tawada ba ta rufe ba. Hanya ce mai aiki a hannun gwani, sai dai bayan ta akwai huda ramuka da hannu ɗaya bayan ɗaya, akwai kuma ruwan da ya rage, wanda ke ɗauke da narkakken jan ƙarfe mai guba ga halittun ruwa. A wuri kamar Samaru, inda magudanai ke gangarawa Kubanni da dam ɗin jami'a yake kansa, zubar da shi a kwata ba ƙaramin ganganci ba ne.

Ta uku ita ce aika fayil ta intanet ga masana'antun Shenzhen a ƙasar Sin, irin su JLCPCB da PCBWay. Allonsu shi ne mafi kyau, kuma kuɗin ƙera shi kaɗan ne. Kuɗin dako da jiran makonni su ne matsala, ga shi da dala ake biya. Tun da Babban Bankin Najeriya ya saki farashin canji a watan Yunin 2023, dala da take ƙasa da naira 500 a hukumance ta haura naira 1,000 cikin watanni. Mafi muni, idan allon ya iso aka tarar da kuskure ɗaya a zane, sai a koma farko.

Ta huɗu ita ce sassaƙa. Kamfanin LPKF na Jamus, wanda aka kafa a 1976, yana cikin waɗanda suka fara yin injinan wannan aiki. Daga baya ɗakunan ƙira na Fab Lab, waɗanda Neil Gershenfeld ya assasa daga jami'ar MIT ta Amurka a farkon shekarun 2000, suka yaɗa dabarar da ƙananan injinan Roland. Ɗaya daga cikin ɗakunan farko a wajen Amurka an buɗe shi ne a Takoradi ta ƙasar Gana a 2004. A yau akwai injinan ƙasar Sin masu rahusa, musamman samfurin 3018, wanda sunansa ya fito daga faɗin wurin aikinsa, milimita 300 da 180. Irin wannan ne aljihun sashe a jami'a ko ƙungiyar masu gyara zai iya ɗauka, don haka a kansa za a gina misalan da ke tafe.

Injin ba ya zana layi, kewaye shi yake yi. Allon yana zuwa da jan ƙarfe shimfiɗe a fuskarsa duka, sai baki ya yanka siririn kwari a gefen kowane layi ya raba shi da maƙwabtansa, kamar yadda manomi ke fitar da kunya ta hanyar yanka kwari a ɓangarorinta biyu. Fahimtar wannan ita ce mabuɗin duk abin da zai biyo baya, domin faɗin kwarin ne ke ƙayyade abin da za a iya zanawa.

4.0 Silsilar Fayiloli

4.1 Zane

Ɗalibai da yawa sun saba da manhajar Proteus saboda tana gwada da'ira kafin a haɗa ta. Wasu suna amfani da EasyEDA ko EAGLE. KiCad, wadda Jean-Pierre Charras ya fara rubutawa a Faransa a 1992, kyauta ce, ba ta buƙatar intanet, kuma cibiyar CERN ta sa hannu wajen inganta ta. Kowace aka ɗauka, doka ɗaya ce: a zana allon da sanin cewa sassaƙa shi za a yi. Ƙa'idojin da manhaja take zuwa da su na masana'anta ne, inda tazarar milimita 0.2 ba komai ba ce. Ga mai fara koyo a kan ƙaramin inji, faɗin layi da tazara kada su gaza milimita 0.4, wanda shi ne kusan faɗin bakin da ake koyarwa da shi a Fab Lab, wato kashi 1 cikin 64 na inci. A faɗaɗa gurbin ƙafafun kaya, a kuma yi ƙoƙarin tattara layuka duka a fuska ɗaya.

4.2 Gerber da Excellon

Inji ba ya karanta fayil ɗin KiCad ko na Proteus. Sai an fitar da zanen a tsarin Gerber, wanda ya samo suna daga kamfanin Joseph Gerber na Amurka, kuma ya zama harshen gama-gari na masu ƙera allo. Fayil ɗaya na jan ƙarfe, ɗaya na iyakar allo. Ramuka kuma suna fita a fayil na daban mai tsarin Excellon. Kurakurai uku ne suka fi addabar wannan mataki.

Na farko ma'auni. Idan Gerber ya fita da milimita, Excellon kuma da inci, aka karanta su da ma'auni ɗaya, ramuka za su watse ko su dunƙule da ninki 25.4. Na biyu mafari. Dole fayilolin duka su ɗauki kusurwa ɗaya a matsayin sifili, in ba haka ba ramuka za su sauka a gefen gurabensu. Na uku juyi. Kayan da ƙafafunsu ke ratsa allo suna zama a sama, jan ƙarfe yana ƙasa, saboda haka sai an juya zanen kamar a madubi kafin a yanka. Kayan da ake liƙawa a saman jan ƙarfe kuwa ba a juya musu. Wanda ya manta juyi zai sami allo mai ban sha'awa wanda aisi ba zai zauna a kansa daidai ba, kuma idan an juya jan ƙarfe dole a juya ramuka da iyaka a kan layi ɗaya.

4.3 Daga Siffa Zuwa Umarni

Gerber yana faɗin inda jan ƙarfe zai rage ne kawai. Inji kuwa yana son a gaya masa inda zai je, da wane gudu, da wane zurfi. Manhajoji irin su FlatCAM da pcb2gcode su ne ke yin wannan juyi, su fitar da G-code, harshen da asalinsa ya koma ga injin farko mai bin lambobi da aka nuna a MIT a 1952. Ga ɗan misali:

G21
G90
M3 S1000
G0 X12.5 Y8.0
G1 Z-0.06 F30
G1 X20.0 F120
M5

G21 yana cewa da milimita za a yi aiki. G90 yana cewa duk lamba daga mafari ake ƙirga ta. M3 ya tayar da moton da ke juya baki, G0 ya kai shi wurin farawa da sauri ba tare da yanka ba, G1 na farko ya nutsar da shi milimita 0.06 a hankali, na biyu ya ja shi yana yanka da gudun milimita 120 a minti, M5 ya tsayar da moto. Wanda zai riƙe inji ya kamata ya iya karanta layukan farko na fayil da idonsa, domin a nan ake kama ma'aunin da ya sauya ko alamar ragi da ta ɓace. Ya fi kyau a raba aikin gida uku: fayil na yanka kwari, na huda ramuka, da na yanke iyaka. Iyaka ce ta ƙarshe, kuma a bar mata 'yan gadoji da za su riƙe allon kada ya kuɓuce ya karya baki.

4.4 Aikawa

Ƙwaƙwalwar yawancin waɗannan injina ita ce GRBL, manhaja ta kyauta da Simen Svale Skogsrud ya fara a 2009, wadda ke zaune a kan aisi ATmega328P, irin na allon Arduino Uno da ɗalibanmu suka sani. Wannan aisi ba zai iya haɗiye fayil duka ba, domin ma'ajiyar karɓarsa haruffa 128 kawai take ɗauka. Don haka wata manhaja a kwamfuta, kamar Candle ko bCNC ko Universal Gcode Sender, take zuba masa umarni layi bayan layi ta kebul na USB da gudun 115200, shi kuma yana amsawa da kalmar amincewa duk lokacin da ya karɓi layi. Ma'anar wannan a aikace ita ce kwamfuta da inji suna cikin hira tun daga farkon aiki har ƙarshensa. Kwamfuta ta yi barci, kebul ya motsa, ko tartsatsin moto ya rikita saƙo, sai aiki ya tsaya a tsakiya. Gajeren kebul mai kariya, kashe tsarin barcin kwamfuta, da nisanta wayar moto daga kebul ɗin USB suna kawar da mafi yawan wannan matsala.

Kafin yanka na farko a tabbatar inji yana tafiya gwargwadon abin da aka ce masa. Moto mai taku 200 a zagaye ɗaya, da aka raba kowane taku gida 16, a kan sandar zare mai tafiyar milimita 4 a zagaye, yana buƙatar taku 800 ga kowace milimita. Wannan lamba tana ajiye a saitin $100 zuwa $102. A umarce shi ya yi milimita 100, a auna da ma'auni, a gani.

5.0 Zurfi da Rashin Daidaiton Allo

Nan ne zuciyar al'amarin. Kaurin allo na yau da kullum milimita 1.6 ne, amma jan ƙarfen da ke kansa milimita 0.035 ne kacal, bai kai kaurin gashin kai ba. Bakin da aka fi amfani da shi mai tsini ne kamar harafin V, don haka duk yadda ya ƙara nutsewa haka kwarin yake ƙara faɗi. Faɗin kwari daidai yake da faɗin tsini, a haɗa da ninki biyu na zurfi da aka ninka da tanjan na rabin kusurwar bakin.

A ɗauki baki mai tsinin milimita 0.1 da kusurwar digiri 30. A zurfin 0.05 faɗin kwari zai zama kusan 0.13, a zurfin 0.15 ya zama 0.18. Idan kuwa kusurwar digiri 60 ce, zurfin 0.1 zai ba da 0.22, zurfin 0.2 ya ba da 0.33. Yanzu a dubi ƙaramin ATmega328P mai ƙafa 32, wanda tazarar ƙafafunsa milimita 0.8 ce, tsakanin gurbi da gurbi kuma kusan 0.25. Kwarin 0.22 zai shiga, na 0.33 zai ci gefen guraben biyu. Bambancin kashi ɗaya cikin goma na milimita a zurfi shi ne tsakanin nasara da asara.

Matsalar ita ce babu allon da yake shimfiɗe sarai. Ɗan lanƙwasa da ido ba ya gani yana iya kai wannan kashi ɗaya cikin goma ko ya wuce. Sai a ga a wani gefen baki ya shafi jan ƙarfe bai ratsa shi ba, layuka sun rage a haɗe, a ɗaya gefen kuma ya yi zurfi ya cinye layi. Wanda bai san dalili ba sai ya ɗora laifi a kan inji.

Magani biyu ne, kuma tare ake yin su. Na farko a sa injin da kansa ya fere katakon da ake ɗora allo a kai har ya daidaita da tafiyarsa, sannan a manne allon da salatif mai fuska biyu maimakon matse gefunansa, domin matsi yana tayar da tsakiya. Na biyu a zana taswirar tudu da kwarin allon. Ana maƙala waya ɗaya a baki, ɗaya a jan ƙarfe, a haɗa su da ƙafar A5 da ƙasa a allon GRBL. Da umarnin G38.2 baki yana sauka a hankali, moto a kashe, har ya taɓa jan ƙarfe, da'ira ta rufe, inji ya tsaya ya rubuta tsayin wurin. Ana maimaita wannan a ɗigo-ɗigo, misali kowace milimita 10, sai manhaja ta ƙiyasta abin da ke tsakani ta gyara zurfin kowane layin umarni. Aikin minti kaɗan ne. Abubuwa biyu kawai za a kiyaye: a goge jan ƙarfe ya yi haske don taɓawar ta yi kyau, a kuma cire wayar daga baki kafin a tayar da moto. Duk lokacin da aka sauya baki, sifilin tsayi ne kaɗai za a sake ɗauka, kada a taɓa na X da Y.

6.0 Yanayin Zariya

Littattafan da ke zuwa da waɗannan injina an rubuta su ne don wuraren da wuta ba ta ɗaukewa. A nan dole a yi tanadi. Abin farin ciki injin ba shi da ci: wutarsa yawanci bolt 24 da amfiya 5 ce, wato wat 120 a ƙoli. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 100 yana ɗauke da kusan wat-awa 1,200, saboda haka ƙaramar inbata da sola za su riƙe shi da kwamfutar tafi-da-gidanka na sa'o'i. Idan tsawon kwarin da za a yanka mita 3 ne, a gudun milimita 150 a minti, minti 20 ya isa. Ƙa'ida ita ce kada a fara yanka a kan wutar layi kai tsaye, haka nan kada a fara a kan janaretan da ke rawa.

Idan duk da haka aiki ya yanke, ceton allon ya dogara ga yadda aka kafa mafari. GRBL yana adana mafarin G54 a ma'ajiyar da ba ta gogewa idan an kafa shi da umarnin G10, amma wanda aka kafa da G92 yana ɓacewa da ɗaukewar wuta. Ko G54 ɗin ma ba zai yi amfani ba sai injin yana da maɓallan iyaka da zai koma ya taɓa ya gane inda yake. Injinan masu rahusa sukan zo babu su. Ƙananan maɓallai ne da ake samu a matacciyar firinta, kuma ɗaura su aikin yini ɗaya ne ga kowane mai gyara a Sabon Gari.

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu yana kawo abokan gaba biyu. Ƙura tana manne wa man da ke kan sandunan zare ta zama kamar yashin goge ƙarfe, sai inji ya fara tsallake taku. Bushewar iska kuma tana tara wutar jiki da ke iya kashe aisi da taɓawa ɗaya. A rufe injin da akwati, a goge sanduna kafin a sa sabon mai, a kuma haɗa jikinsa da ƙasa. Da damina kuma katakon da aka fere yana shan danshi ya kumbura, sai an sake fere shi, jan ƙarfen da aka yanka kuma yana dusashewa da wuri idan ba a shafe shi da ruwan ƙaron dalma ba.

Akwai kuma wata ƙura da injin da kansa yake haifarwa. Allon FR-4 zaren gilashi ne da aka haɗa da danƙo, garinsa yana cutar da huhu, yana kuma dakushe baki da sauri. Allon FR-1 na takarda ne da danƙo, ya fi taushi, shi ya sa ɗakunan Fab Lab suka fi son sa. Ko wanne aka samu, a zuƙe garin da injin zuƙa, kada a hura shi da baki, a kuma rufe hanci.

7.0 Iyakar Abin da Injin Zai Iya

Gaskiya ce ta sa a faɗi inda ƙarfinsa ya ƙare. Allon da aka sassaƙa ba shi da koren fentin da ke hana dalma tsallakawa, ramukansa kuma ba su da jan ƙarfe a ciki, don haka allo mai fuska biyu sai an ratsa waya an liƙa ta sama da ƙasa. Fanel ɗin wayar salula mai hawa-hawa ya fi ƙarfinsa nesa ba kusa ba. Da'irar da za ta ɗauki wutar gida mai bolt 230 ba a barinta da siririn kwari, sai an share jan ƙarfen da ke tsakani an bar fili mai faɗin milimita da yawa. Masu son yin allon inbata ko na cajar sola su tuna cewa, bisa ƙa'idar IPC-2221, layi mai faɗin milimita 1 a kan jan ƙarfe na yau da kullum amfiya 2 da ɗoriya yake ɗauka idan ana son zafinsa kada ya ƙaru da fiye da digiri 10. Kuma wanda yake son allo 200 iri ɗaya, masana'anta ce wurinsa.

Fa'idar injin tana wajen gwaji. Zanen da aka gama da safe ana iya liƙa masa kaya da la'asar, a gano kuskure, a gyara, a sake yankawa washegari. Bayan zane ya tabbata sai a aika wa masana'anta da kwanciyar hankali, dala ba ta tafi a banza ba.

8.0 Shawarwari

Na ɗaya, sassan lantarki a manyan makarantun Zariya su sa wannan silsila a cikin darasin aikin hannu tun kafin shekarar ƙarshe, yadda kowane ɗalibi zai fitar da ƙaramin allo ɗaya daga zane har liƙi.

Na biyu, duk wanda zai nemi tallafin sayen inji, daga asusun TETFund ko wani wuri, ya sa kuɗin bakuna da alluna da batir a cikin lissafi. Baki abu ne mai karyewa, kuma injin da bakinsa ya ƙare ado ne kawai.

Na uku, a rubuta takardar matakai shafi ɗaya da Hausa da Ingilishi a manna a jikin kowane inji: ma'auni, mafari, juyi, taswirar tsayi, cire waya, tushen wuta. A ajiye littafin da kowa zai rubuta irin bakin da ya sa, zurfi, gudu da sakamako, domin na baya ya amfana.

Na huɗu, a buɗe ƙofar ɗakin ga masu gyara. Shirin SIWES, wanda hukumar ITF ta fara a 1973, yana tura ɗalibai wuraren sana'a, sai a nemi hanyar da za ta kawo yaran shago su ma su zauna a gaban KiCad. Ɗakin WoeLab da Sénamé Koffi Agbodjinou ya kafa a Lome ta ƙasar Togo a 2012, inda aka haɗa injin buga siffofi daga tarkacen kwamfuta, ya nuna abin da ke fitowa idan mai ilimin littafi da mai ilimin hannu suka zauna wuri ɗaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

9.0 Kammalawa

Takardar ta bi zanen da'ira ta matakai huɗu: tsara shi da ƙa'idar da ta dace da baki, fitar da shi a Gerber da Excellon, juya shi zuwa G-code, da zuba shi ga GRBL layi bayan layi. Ta nuna da lissafi cewa kashi ɗaya cikin goma na milimita a zurfi ya isa ya ɓata allo, kuma taswirar tsayi ce maganinsa. Ta kuma nuna cewa matsalolin wuta da ƙura da danshi suna da magani mai araha da ake iya haɗawa a cikin Zariya. Bincike na gaba da ya kamata a yi shi ne na awo: a gwada ingancin allunan da ake sayarwa a kasuwanninmu, a auna lanƙwasarsu a rani da damina, a kuma ƙirga ainihin kuɗin allo ɗaya da aka sassaƙa a gida a kwatanta da na wanda aka yi oda. Da waɗannan alƙaluma ne sashe a jami'a ko ƙungiyar masu gyara za su san ko injin ya cancanci kuɗinsu, da kuma nawa za su caji wanda ya kawo musu fayil.